Sunan da Chomba Ya Sata

Chomba Chipalo ɓarawo ne. Bai fasa shagon kowa ba, bai yanki aljihu a tashar mota ba. Sunan ƙaninsa ya sace, ƙanin yana raye yana kallo, kuma da sunan nan ya ci abinci har gwiwoyinsa suka gaji. Waɗanda suka yi masa tafi a filin wasa za su ce na yi tsauri. Su faɗa. Katanga ɗaya ce ta raba gidana da na uwarsa a unguwar Mpatamatu a Luanshya, kuma ni na haƙa kabarin ubansa.

Haƙa kabarin ba don kirkina ba ne, aikinmu ne. Su Bemba ne, ni kuwa Ngoni ne daga gabas, abokan wasa muke tun kakanni. In suka yi rashi mu ke haƙa rami, mu ɗauki akwatin gawa, mu cinye naman gidan, mu zage su son ranmu. Da an rufe kabari an dawo gida, sai mu bi dangin mamaci ɗaya bayan ɗaya mu shafe musu fuska da garin masara, su yi fari fat, har mai kuka ya yi dariya ba da son ransa ba. Baƙo ba a shafa masa. Baƙo kujera ake ba shi, a gaishe shi da hannu biyu. Duk wanda ka ga fuskarsa tsaf bayan jana'iza, ba ɗan gida ba ne.

Ranar da muka binne ubansu, ni na shafa wa yaran biyu. Chomba ne babba, shi ya sa ake kiran uwarsu Maman Chomba. Nkandu ne ƙarami, shekara biyar tsakaninsu. Dukansu ƙwallo ce ta ɗauke musu hankali. Ni mai walda ne, ni na haɗa turakun ragar filin bayan kasuwa, saboda haka na ga wasansu fiye da kowa. Chomba a tsakiyar fili yake, ba shi da gudu amma yana da ido. Kafin ƙwallo ta iso ƙafarsa ya riga ya san inda zai aika ta. Nkandu bahago ne, kuma gaskiya ɗaya ce: ya fi yayansa.

In sun wuce ta rumfata da yamma, ƙafafu duk jar ƙasa, sai in ɗaga gilashin walda in ce, "'Ya'yan masu cin biri, yau wa kuka yi wa sata?"

Chomba ya ce, "Baba Miti, ɓera nawa aka soya a gidanka yau? Har nan muke jin ƙauri."

Nkandu ba ya ramawa. Dariya kawai yake yi, ya rufe baki da hannu.

Chomba ya riga ya haura ashirin yana buga wa Kafubu Stars, ƙungiyar da ba ta iya sayen ko sabulun wanke riguna, sai ga wani dillalin 'yan wasa ya zo da takalmi mai tsinin baki, yana neman yara 'yan ƙasa da sha bakwai. Ya kalli wasa ɗaya, ya ja Chomba gefe. Ya ce masa ƙafarsa mai kyau ce, shekarunsa ne marasa kyau. Sannan ya tambaye shi ko yana da ƙane.

Ta saman katanga na ji yadda aka yi. Maman Chomba tana dakan gyaɗar miyar ganyen kabewa, Nkandu yana zaune a kan bulo yana ɗinke ƙwallo.

Chomba ya ce wa uwar, "Mayo, aro ne kawai. In na samu shiga, shi ke nan, sai in jawo Nkandu."

Ta ce, "Suna ba riga ba ce da za ka ara ka wanke ka mayar. Mu sunan mamaci muka san ana gada. Ban taɓa jin an gaji mai rai ba."

"Wannan maganar ƙauye ce, Mayo. Kowa haka yake yi."

Nkandu ya ce a hankali, "Yaya, ni ma fa ina son in je gwajin nan."

"Kai yaro ne, kana da lokaci. Ni wannan ce motata ta ƙarshe. Ko so kake in tsufa a bayan kasuwa?"

Ƙane ba ya jayayya da wa. Haka muka tarbiyyantar da su, kuma wani lokaci tarbiyyar ce wuƙar da ake yanka su da ita. Nkandu ya sunkuyar da kai ya ce, "To ka kawo mini takalmi."

Chomba ya kwashi takardun makarantar ƙaninsa ya tafi ya yanki katin ɗan ƙasa, fuska tasa, suna na Nkandu. Nasa katin na asali ya ƙona shi a murhun gawayi don kada wani ya gani. Da rana tsaka gidan ya zama yana da Nkandu biyu, ba Chomba ko ɗaya.

Ba zan rage masa abin da ya iya ba. Cikin yara ya shiga, ya zama kamar malami a tsakiyar ɗalibai. Masu sharhi a rediyo suna cewa ba su taɓa ganin yaro mai hankalin manya irinsa ba. To da hankalin wa zai yi wasa? Daga ƙungiyar matasa ta ƙasa wata babbar ƙungiya a Lusaka ta ɗauke shi, daga nan aka kira shi babbar ƙungiyar ƙasa, aka ba shi tsakiyar fili ya riƙe. Ba mai yawan cin ƙwallo ba ne. Aikinsa ya ƙwace, ya ɗaga kai, ya raba. Waɗanda suka san wasa sun ce in ba ya fili, ƙungiyar kamar keke ce da sarƙa ta zame.

Ranar wasan ƙasa unguwa kaf takan taru gaban talabijin ɗin mashaya. Ni ba na sha, a bakin taga nake tsayawa. Mai sharhi ya yi ihu, "Nkandu Chipalo! Nkandu Chipalo!" sai kowa ya juya ya kalli Nkandu na gaskiya da ke tsaye a bayan ɗaki.

"Kai Nkandu, ashe kana Masar yanzu haka? To wa ke nan?"

"Sayo mana lemo mana, tauraro!"

Da farko yana dariya. Ya je gwaji a wata ƙungiya a Ndola, ya burge su, suka tambayi sunansa, suka ce wannan sunan yana da mai shi. Ya nemi aiki a mahaƙar tagulla, aka ce ya kawo kati. Ya je yankar kati, aka ce ai ya riga ya yanka. Daga nan ya daina zuwa mashaya ranar wasa. Ya shiga cikin samarin da ke tonon tsibin kashin tagulla da kamfani ya zubar tun zamanin Turawa, suna tsintar abin da ya rage suna sayarwa a buhu. Wannan aikin ba a tambayar kati.

Takalmin ya iso, ban ce bai iso ba. Kwali guda, har da rigar ƙasa mai sunan Chipalo a baya. Nkandu ya ba yaran unguwa rigar. Takalman kuwa ya yanke musu ƙusoshi da wuƙa, da su yake hawan tsibi.

Abin da ya tsinke igiyar ya faru ne a wani shirin rediyo na safiyar Asabar. Wani ɗan jarida ya ji ƙishin-ƙishin, ya tambayi Chomba a gaban duniya, "Mun ji ana kiran mahaifiyarka Maman Chomba. Wane ne Chomba?"

Ya ce, "Chomba yayana ne. Ya rasu tun muna ƙanana."

Uwarsa tana kasuwa gaban tiren kapenta, ƙananan busassun kifin da take sayarwa, rediyon mai tumatir na kusa da ita yana kunne. Matan layin duk suka juyo suka kalle ta. Ta rufe kifinta da buhu, ta ɗaura zani, ta tafi gida da ƙafa. Ba ta yi kuka a gaban kowa ba. Tun daga ranar ba ta sake ɗaukar wayarsa ba.

Shi kuwa ya yi gaba. Wata ƙungiya a Afirka ta Kudu ta saye shi, ya yi kakar wasa uku, daga can aka kai shi wata ƙasa a ƙarshen arewacin Turai, wani ƙaramin gari a bakin teku. Da uwarsa ta rufe masa ƙofa, sai ya koma kiran wayata. Yawanci da rana yake kira, ina tsakiyar aiki, sai in kashe inji in saurara, don ba a kashe wa ɗan maƙwabci waya.

Ya ce a can rana tana faɗuwa kafin mutum ya gama narkar da abincin rana. Ya ce garin masarar da suke sayarwa ba ya kama tuwo, sai ya zama kamar kunu, kuma a tsaye yake ci gaban tukunya, don zama a teburi shi kaɗai ya fi yunwa ciwo. Maƙwabcinsa na bene shekara biyu suna haɗuwa a matattakala, bai taɓa wuce ɗaga gira ba. A filin atisaye koci yakan kira Nkandu sau biyu, sau uku, kafin ya tuna shi ake nufi. Ya yi budurwa a can, mai kirki in ji shi, amma ta cika tambaya game da yarintarsa, shi kuma ya gaji da lissafin ƙarya, sai suka rabu.

Wata rana ya kira, muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Baba Miti, yau ranar haihuwata ce."

Na ce, "Ta wa?"

"Tawa. Ta gaske. Waccan ta watan Maris sukan kawo kek a ɗakin canja kaya, su yi mini waƙa, su shafa mini kirim a hanci. Ina tsaye ina murmushi, ranar Nkandu ce. Yau kuwa ko kare bai sani ba."

Ya ci gaba:

"Baba Miti, ka zage ni mana. Ka ce mini ɗan masu cin biri. Mutanen nan kowa sai 'don Allah' da 'na gode'. Rabona da zagi mai daɗi har na manta."

Na ce, "Wasa da wanda ka sani ake yi. Faɗa mini sunanka, in zage ka har gobe."

Ya yi wata 'yar dariya mara gishiri. "Kai mini wayar wurin Mayo."

Na zagaya na same ta tana tsince kifi. Na ce ɗanta ne a waya. Ta dubi wayar, ta dubi hannuwanta, ta ce, "Hannuna da ƙarni, Baba Miti." Ta ci gaba da tsinta.

Na dawo na gaya masa maganin ciwonsa, don ba ɓoyayye ba ne. Na ce ya hau jirgi ya dawo, ya shiga gidan rediyon nan da ya kashe kansa a ciki, ya faɗi sunansa da bakinsa, ya mayar wa yaro nasa tun yana da sauran ƙafa.

Ya ce, "Za su dakatar da ni. Za su goge duk wasannin da na buga wa ƙasa, kamar ban taɓa sa rigar ba. Bari kakar bana ta ƙare."

Kakar ta ƙare, wata ta shigo. Kowace shekara maganar ke nan. Mai jiran lokacin da gaskiya za ta yi arha, har ya mutu bai saya ba.

Jiki ba ya karanta kati. A shekarun da takarda ta ce yanzu ya kai ganiyarsa, gwiwoyinsa suka fara ƙara kamar tsohuwar ƙofa. Likitocin ƙungiya suka yi ta mamaki. Ƙungiyar ƙasa ta daina kiransa, ba wanda ya yi masa ko sallama, sunansa ne kawai bai fito ba. Ya gangara ƙungiya ƙarama, daga nan wadda ta fi ta ƙanƙanta, har ya dawo Lusaka ya kama ɗaki a bene na uku, yana hawa yana hutawa. Daga Lusaka zuwa Luanshya tafiyar yini ɗaya ba ta cika ba. Bai zo ba. A lokacin Nkandu ya yi aure, ya haifi 'ya mace, ƙwallo kuwa ko a hanya ta gangaro gabansa tsallake ta yake yi.

Da damina tsibin ya rufta. Ruwa ya kwana uku yana jiƙa shi, samari suka shiga ramin da suka haƙa ta ƙasa, gefe guda ya zauna. An ciro uku da rai. Nkandu aka ciro da yamma, ba rai, takalmin ƙwallo a ƙafarsa.

Kawunsu ya kai sanarwa gidan rediyo kamar yadda aka saba, aka karanta cewa Nkandu Chipalo na Mpatamatu ya rasu. Kafin azahar ƙasa ta ɗauka tsohon ɗan wasan tsakiya ne ya mutu. Aka fara sa tsofaffin wasanninsa a talabijin. Chomba yana zaune a ɗakinsa ya kalli ana yabonsa kamar yadda ba a taɓa yi ba yana fili.

Ranar jana'iza da hantsi muna tsaye a ƙofar gida, ni da Misozi Jere, wadda ita ce shugabar matanmu a irin wannan aiki, mace mai baki kamar reza. Sai ga tasi ta tsaya. Chomba ya fito da baƙar kwat da baƙin tabarau, yana jan ƙafar hagu. Ya yi furfura a gemu, mutumin da takarda ta ce bai daɗe da cika talatin ba. 'Yan jarida biyu da suka zo ɗaukar labarin mutuwarsa suka yi kansa da gudu.

"Ashe kana raye! To wane ne ya rasu? Me ya sa sunanku ɗaya?"

Na matsa kusa. Akwatin ƙaninsa yana cikin ɗaki, taku kaɗan daga inda yake tsaye, matan coci suna waƙa a kansa. Ba ƙungiyar da za ta kore shi yanzu, ba kwantiragin da zai rasa. Abin da ya rage masa tsofaffin wasanni ne kawai a bakin mutane. Na ce a raina, faɗi, yaro, faɗi.

Ya ce, "Ɗan kawuna ne. Sunanmu ne ya zo ɗaya."

Misozi ta ja tsaki, ta shige ciki. Na san kafin ya kai tsakar gida maganar ta riga shi isa ɗakin mata.

Muka kai Nkandu maƙabarta, muka sauke shi, muka rufe. Chomba yana bayan taro, ba wanda ya kore shi, ba wanda ya kira shi zuba ƙasa. Da muka dawo gida aka wanke hannu a bakin ƙofa, dangi suka zazzauna a ƙasa a tsakar gida, Misozi ta fito da kwanon garin masara a kunkumi.

Ta fara da kawun. "Kai tsohon ɓarawon akuya, ɗago fuska! Kuka kake ko yunwa ce? Ku Bemba ko kabari ba ku iya haƙawa, sai cin biri." Ta shafe shi har cikin kunne, ya yi atishawa, mutane suka fashe da dariya. Ta bi 'yan'uwan uwa, ta bi surukai. Ta durƙusa gaban matar Nkandu ta shafa mata a hankali, ta ce, "Share hawaye, muna da samari a gabas, masu ƙiba, sun ƙoshi da ɓera." Matar ta yi dariya tana kuka. Har jaririyar aka ɗiga wa a goshi. Ni na ɗebi nawa na shafa wa uwar.

Chomba ya zo ya tsuguna a ƙarshen layin dangi, da ƙyar, don gwiwar ba ta lanƙwasuwa. Ya cire tabarau ya sa a aljihu. Ya ɗaga fuska ya rufe ido, kamar yadda ya yi ranar ubansa yana yaro.

Misozi ta iso gabansa, hannunta cike da gari. Ta tsaya. Ta dube ni, ni kuma na dubi uwar, don ba mu ke cewa wane ne ɗan gida ba.

Chomba ya buɗe ido ya ce, "Mayo, ni ne."

Ta dube shi da farar fuskarta, ba fushi a muryarta. Ta ce, "'Ya'ya biyu na haifa. Chomba ya rasu, a rediyo aka faɗa, kowa ya ji. Nkandu yanzu muka dawo daga rufe shi." Ta juya wajen samarin gida. "Ku kawo wa baƙo kujera. Ya sha hanya."

Misozi ta mayar da garin cikin kwano, ta karkaɗe hannu a zaninta. Ta ɗan rusuna ta ce, "Sannu da zuwa, ranka ya daɗe. Mun gode da ta'aziyya." A tsawon zamana da matar nan ban taɓa jin ta yi wa wani Bemba ladabi ba sai ranar.

Aka kawo kujerar roba aka ajiye masa a inuwar mangwaro. Aka kawo masa tuwo da kaza a faranti na musamman, har da cokali. Wata yarinya ta durƙusa ta zuba masa ruwan wanke hannu. Sauran mu muna ƙasa, kwano ɗaya mutum biyar, fuskoki fari fat, ana zagi ana ƙwace nama. Shi yana sama a kan kujera, kwat ɗinsa baƙi wuluk, ko ɗigon gari babu.

Da zai tafi ya biyo ta rumfata. Ya tsaya yana kallon ƙarafa.

"Baba Miti."

Na ce, "Allah ya kiyaye hanya, ranka ya daɗe."

Ya jira ko zan ƙara wani abu. Na sauke gilashin walda na kunna inji.

Daga makon nan uwar ta ce a riƙa kiranta Maman Nkandu, kuma haka ake kiranta har yau. Shi yana Lusaka a benensa na uku, da sunan da yake rubuce a kan wani gicciye a maƙabartar Luanshya. Yakan zo jana'izar dangi in ya ji labari. Kowane zuwa kujera ake ba shi, a gaishe shi da hannu biyu, ya koma da fuskarsa tsaf. Ba mai zaginsa, kuma ba mai kiransa Chomba.